Yadda ake tsallaka mashigin teku da kayak a ƙungiya, a je a dawo a yini ɗaya

Kayak ƙaramin kwalekwale ne siriri, mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Mutanen Inuit da Aleut na can arewacin duniya ne suka fara ƙera shi da fatar dabbobin ruwa don farauta, yanzu kuwa da roba ko faiba ake yin sa. Wanda ya saba bin gaɓa da shi, in ya gaji ko ya ga sama ta ɓata rai, sai ya karkata ya fita tudu. Mai tsallaka mashigi ba shi da wannan gata. Da zarar an kai tsakiya, gaba da nisa, baya da nisa, babu inda za a sa ƙafa. Shi ya sa yawancin aikin wannan tafiya a tudu ake gama shi, tun kafin wani ya jiƙa filafili. Bayanin nan na jagoran tafiya ne, amma ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya san shi.

Mataki na ɗaya: su wa za su je

Ka fara da mutane kafin taswira. Gudun ƙungiya gudun mafi rauninta ne, nisan tafiya ma da ƙarfinsa ake auna shi. Mutum uku shi ne mafi ƙarancin da ya dace: ɗaya ya kife, ɗaya ya cece shi, na uku ya tsare su ko ya nemi agaji. Idan an haura shida zuwa takwas, jagora ɗaya ba zai iya sa ido a kan kowa ba, sai a nemi mataimaki ko a raba tafiyar gida biyu.

Ka tambayi kowa shi kaɗai, domin a gaban jama'a kowa gwani ne. Ya taɓa yin awa biyu yana tuƙi ba tsayawa? Ya taɓa kifewa da gangan ya fito daga kayak a ƙarƙashin ruwa? Yana da asma, farfaɗiya, ciwon zuciya ko ciwon suga, kuma ina yake ajiye maganinsa? Wanda bai taɓa gwada kifewa ba, a kai shi ruwa marar zurfi ya gwada tun ana saura kwanaki, don ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da zai koya kaɗan ne: ya duƙa gaba, ya ja madaurin marufin ƙugu, wato abin da ake ɗaurawa a ƙugu ya toshe ramin zama, ya tura jikinsa waje, ya fito riƙe da filafili da kayak ɗinsa. Amma jikin da bai taɓa yi ba, firgita yake fara yi.

Mataki na biyu: auna hanya

Ka samo taswirar ruwa ta wurin, irin wadda ke nuna zurfi, duwatsu, hanyar manyan jirage da hasumiyoyin fitila. Taswirar mota ta waya ba za ta yi wannan aiki ba. Ma'aikatan ruwa da mil na teku suke awo, wato mita 1,852, gudu kuma da "not", wanda shi ne mil ɗaya na teku a awa. Ƙungiyar da ta goge takan yi kusan not 3, kimanin kilomita 5.5 a awa. Idan akwai sababbin hannu, ka yi lissafi da kilomita 4.

A ce faɗin mashigin kilomita 8 ne. Awa biyu ke nan zuwa, awa biyu dawowa, ban da hutu, ban da iska. Ka ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin uku a kan abin da lissafi ya ba ka, sannan ka tabbatar za a fito tudu da saura awa biyu kafin faɗuwar rana. A ganina, ƙungiyar da ba ta taɓa tsallakawa ba kada ta fara da abin da ya wuce tuƙin awa ɗaya tsakanin tudu da tudu. In akwai tsibiri a hanya, a raba tafiyar da shi ko da zai ƙara nisa. Ka kuma yi wa taswirar alama a duk inda za a iya fita in abu ya ɓaci, musamman gefen da iska za ta tura ku.

Mataki na uku: cika da janyewar teku

Nan ne mutanen da suka saba da tafki ko kogi suka fi shan mamaki. A yawancin gaɓoɓin duniya teku takan cika sau biyu ta janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, wato tsakanin cika da janyewa akwai awa shida da 'yan mintoci. Jan da wata da rana ke yi wa ruwan ne ke haddasa haka. A kwanakin da wata ya cika da kwanakin da ya ɓuya, bambancin cika da janyewa yakan yi girma, gudun ruwa ya yi ƙarfi. A kwanakin da wata yake rabi, abin yakan yi sauƙi. Ranar tsallakawa ta farko, ka zaɓe ta cikin kwanakin rabin wata.

Ruwan ba ya hawa da gudu iri ɗaya. Ma'aikatan ruwa sukan kasa hawan gida goma sha biyu: awa ta farko kashi 1, ta biyu kashi 2, ta uku da ta huɗu kashi 3 kowacce, ta biyar 2, ta shida 1. Idan bambancin cika da janyewa mita 3.6 ne, ruwa zai hau santimita 30 a awar farko, 60 a ta biyu, 90 a ta uku, 90 a ta huɗu, sannan ya sassauta. Rabin ruwan gaba ɗaya a awoyi biyun tsakiya yake shiga ko fita, kuma a lokacin ne ya fi gudu, musamman a bakin mashigi, a matsatsi tsakanin tsibirai, da gefen tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku. Abin da kake nema shi ne tsakiyar tafiyarku ta faɗa a lokacin da ruwa ya lafa kafin ya juya. Sai dai lafawar ba kullum take dacewa da lokacin cika ko janyewa ba, a wasu wurare takan yi jinkirin awa ɗaya ko fiye. Saboda haka ka duba jadawalin gudun ruwa na wurin, ka kuma tambayi masunta da ma'aikatan tashar jirage.

Ka duba wurin sauka ma. Yashi mai kyau da ka gani ruwa na cike, bayan awa shida yana iya zama filin taɓo na ɗaruruwan mitoci, a ja kayak a cikinsa ƙafa na nutsewa har gwiwa.

Mataki na huɗu: iska

Iska ce ke yanke hukunci. Ka nemi hasashen yanayi na teku, ka duba shi ana jibi, ka duba da daddare, ka sake dubawa da asuba. Abu uku kake karantawa: ƙarfinta, inda take fitowa, da yadda za ta canja da rana. A ma'aunin Bofot, wanda ake auna ƙarfin iska da shi, mataki na 3 shi ne not 7 zuwa 10, kimanin kilomita 12 zuwa 19 a awa, inda za ka fara ganin farin kumfa jefi-jefi a kan raƙuman ruwa. Mataki na 4 not 11 zuwa 16 ne, kumfa ya yawaita. Ga ƙungiyar da ke da masu koyo, mataki na 3 ne iyaka. In an yi hasashen na 4, a fasa tsallakawa a bi gaɓa. Ka kula da lambar bugawar iska ta lokaci-lokaci, don ita ke kifar da mutum, takan kuma fi matsakaicin da aka rubuta nesa.

Mafi yaudara ita ce iskar da ke tasowa daga tudu zuwa teku. A bakin gaɓa ruwa zai kwanta lumui, domin ƙasa da bishiyoyi sun tare ta. Kuna nisa tana ƙara ƙarfi, raƙuman ruwa na ƙara girma, kuma duk wanda ya gaji ko filafilinsa ya suɓuce, teku za ta yi ta ja da shi. Sa'ad da za ku gane kuna cikin matsala, komawa ta zama tuƙi gaba da gaba da iska. Ta biyu ita ce iskar da ke karo da gudun ruwa: ruwa na fita, iska na shigowa, sai raƙuman su miƙe tsaye, gajeru masu tsini, ko da iskar ba ta kai ta kawo ba. Ta uku iskar la'asar ce: a ranar zafi ƙasa takan fi teku ɗumi, sai iska ta taso daga teku bayan tsakar rana ta yi ta ƙaruwa. Dalili ke nan da ake sammako.

Hazo ko hasashen tsawa, babu shawara, a zauna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka faɗa wa jama'arka ƙa'idar fasawa tun ranar da aka sa rana, da lamba, misali "in ta wuce not 10 ba za mu tsallaka ba". Idan mutane sun yi doguwar tafiya sun iso bakin ruwa da zumuɗi, faɗin a'a na da nauyi, amma lambar da aka amince da ita tun farko takan ɗauke maka wannan nauyin.

Mataki na biyar: kaya

Kayak na teku ake so, mai tsawon mita 4.5 zuwa 5.5, mai rufaffun ma'ajiyai gaba da baya da ke hana shi nutsewa in ya sha ruwa, da igiya kewaye da bayansa da za a riƙe. Gajeren kayak na wasa a tafki, marar waɗannan ma'ajiyai, in ya kife a teku ba a iya kwashe ruwansa a koma ciki. Kada ya shiga wannan tafiya.

Kowane mutum: rigar ceto a jikinsa, a ɗaure tamau, da usur a maƙale, marufin ƙugu da ke toshe ramin zama, famfon hannu na fitar da ruwa, hula, tabarau mai igiya, man kare fata daga rana, ruwan sha aƙalla lita biyu inda hannu zai kai, ɗan abin taɓawa a aljihu, busassun tufafi cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Na ƙungiya: kamfas, taswira cikin leda, igiyar ja aƙalla biyu, filafilin ko-ta-kwana, akwatin taimakon gaggawa, tocila, tef mai ƙarfi na toshe ɓula, wutar neman agaji, waya cikin jakarta, da rediyon oba-oba na teku, wato VHF. Tasha ta 16 ita ce ta kiran gaggawa a duk duniya. Wasu ƙasashe na buƙatar lasisi kafin a yi amfani da shi, sai ka bincika dokar wurin. Rediyon a jikin rigar ceto yake zama, don wanda ke cikin ma'aji ba ya amfanar mutumin da kayak ɗinsa ya tsere masa.

Sutura kuma da sanyin ruwa ake zaɓenta, ko da rana na ƙuna. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. In bai kai digiri 15 ba, mutum na faɗawa numfashinsa ke ƙwacewa na kusan minti ɗaya, bayan kamar minti goma hannuwa su fara ƙin aiki. A irin wannan ruwa sai da rigar roba mai riƙe ɗumi. Auduga in ta jiƙe sanyi take ƙarawa, a bar ta a jaka.

Mataki na shida: bar saƙo, yi taro

Ka rubuta wa wani amintacce da zai zauna a tudu: yawanku, launin kayak ɗinku, inda za ku tashi, inda za ku sauka, lokacin dawowa, da ƙarfe nawa zai kira masu aikin ceto in bai ji daga gare ku ba. Ka ba shi lambarsu a rubuce.

A bakin ruwa a tsaya minti goma. Ka nuna wa kowa inda aka nufa da hannu da kuma a taswira, ka faɗi lambar da kamfas ke nunawa ta hanyar da za a bi. Ka naɗa na gaba, wanda ba mai wuce shi, da na baya, wanda ba ya barin kowa a bayansa. Na bayan ya zama gwanin ceto mai igiyar ja. Kowa ya sami abokin da zai riƙa dubawa. A daidaita alamu: filafili a kwance sama da kai, a tsaya; a miƙe tsaye, a taru wurina; ana kaɗa shi ko busa usur sau uku, akwai matsala. Sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka duba murafan ma'ajiyai, ka tabbata madaurin marufin ƙugu yana waje, bai maƙale a ciki ba. Kaya masu nauyi a ƙasa, kusa da mazauni.

Mataki na bakwai: tsallakawa

Kada a miƙe kai tsaye. A yi minti goma sha biyar ana bin gaɓa, jiki ya warware, mai gyaran matakin ƙafa ya gyara, kai kuma ka ga yadda kowa ke tuƙi. Sai a taru a wurin da za a rabu da tudu, a sha ruwa, ka dubi sama da ruwa ka sake tambayar kanka. Wannan ce dama ta ƙarshe ta fasawa cikin sauƙi.

Idan ruwa na gudu ta gefe, wanda ya saita goshin kayak ɗinsa kan inda ya nufa ba zai isa can a miƙe ba. Koma kan misalinmu: kilomita 8, kuna yin 4 a awa, ruwa na tura ku gefe da kilomita 2 a awa. Cikin awa biyu ya kwashe ku kilomita 4 daga hanya. Maganinsa a karkata goshi zuwa inda ruwan ke fitowa. Lissafin mai sauƙi ne: raba gudun ruwa da gudunku, ka ninka da 60. A nan 2 a raba da 4, sau 60, digiri 30 ke nan. Tafiyar za ta ɗauki kusan awa biyu da minti ashirin, amma za ku sauka inda kuka nufa.

Da ido ma ana ganewa, kuma wannan dabarar ta fi kowace amfani. Ka zaɓi abu biyu marasa motsi a tsallake, ɗaya a gaban ɗaya, kamar hasumiya a bakin ruwa da ƙoƙuwar dutse a bayanta. Muddin suna kan layi ɗaya, kuna kan hanya. In na bayan ya fara zamewa dama, ku ne kuke zamewa dama, sai ku ƙara karkata hagu. Ka nuna wa kowa su, don idanu su yi yawa.

Tazara tsakaninku kada ta wuce inda murya ke kaiwa, in iska ta tashi a ƙara matsowa. Abin da ke wargaza ƙungiya sananne ne: masu ƙarfi su yi gaba, su tsaya jira, na baya na isowa da haki sai su sake tashi, su sun huta shi bai huta ba. Maganin wannan shi ne a sa mafi rauni kusa da na gaba, gudunsa ya zama na kowa. Duk rabin awa zuwa minti arba'in a tsaya minti biyar, a jera kayak gefe da gefe a riƙe juna, a sha ruwa. Kada hutun ya yi tsawo, don kuna tsaye ruwa da iska na tafiya da ku. Ka lura da wanda ya yi tsit. Mai gajiya da mai jiri ba su cika faɗa ba. Mai tashin zuciya ya daina kallon taswira ya kafa ido a tudu, wani ya matso kusa da shi.

Tuƙi da jiki ake yi, ana murɗa ƙugu ana taka matakin ƙafa. Mai ja da damtse kaɗai ba ya kai awa ɗaya. In raƙuman ruwa suka zo ta gefe, a saki ƙugu a bar kayak ya yi rawarsa, a ci gaba da tuƙi, domin filafilin da ke cikin ruwa shi ne madogara.

Hanyar manyan jirage ita ce wuri mafi haɗari. Kayak ba ya fitowa sosai a na'urar hangen jirgi, babban jirgi kuma ba ya iya tsayawa ko kaucewa cikin ƙanƙanin lokaci, dokokin teku ma sun hana ƙananan jirage tare masa hanya a matsatsin mashigi. Jirgin da ke gudun not 15, in ka hange shi a nisan kilomita 3, zai iso cikin minti shida da 'yan kai, ku kuwa ko rabin kilomita ba ku ci ba. Ku taru a bakin hanyar, wajen alamomin da ke shawagi a ruwa, ku duba dama da hagu, ku tsallaka a dunƙule ta mafi gajeren layi, ba tsayawa ɗaukar hoto. In akwai shakka, a jira ya wuce a bi ta bayansa, a fuskanci raƙuman da ya tayar da goshi. Gajeren oda biyar a jere daga jirgi gargaɗi ne cewa bai gane nufinku ba.

Idan wani ya kife

Wanda ya gani ya busa usur. Mutum ɗaya ne ke zuwa ceto, na biyu ya tsaya kusa, sauran su taru su juya goshi ga iska. Wanda ke ruwa kada ya saki kayak ɗinsa, iska na tafiya da shi fiye da yadda mutum ke iyo. Mai ceto ya kama goshin kifaffen kayak ɗin ta yadda zai gitta nasa, ya ɗaga shi ruwan ya zube, ya juya shi daidai, ya jera shi gefen nasa, goshi na kallon baya. Sai ya kwanta a kansa ya riƙe bakin ramin zama da hannu biyu. Na ruwa ya haura ta baya rub da ciki, ya zura ƙafafu, ya juya ya zauna. Ba a sakinsa sai an fitar da sauran ruwa, an rufe marufi, filafili na hannunsa. Wanda ya kife sau ɗaya ya fi kowa kusa da sake kifewa, ga sanyi ga tsoro, don haka a ƙara masa riga, a ba shi abin ci, wani ya bi gefensa. In ya kasa tuƙi a sa masa igiya a ja shi, wani na riƙe da shi.

Idan rai na cikin haɗari, tasha ta 16: a ce "Mede" sau uku, a faɗi su wane ne, inda kuke, abin da ya faru da yawanku. In matsala ce mai tsanani amma ba ta kai ga rai ba, "Pan-Pan" ake cewa. Gara a kira da wuri.

Mataki na takwas: sauka da dawowa

In raƙuman ruwa na fashewa a gaɓa, a tsaya daga baya a kalle su. Rukuni-rukuni suke zuwa, manya su wuce a ɗan sarara. Gwani ya fara sauka, ya riƙa kiran saura ɗaya-ɗaya. Kada kowa ya tsaya tsakanin kayak da tudu, ruwa zai maka masa shi a ƙwauri. A ja kayak sama da layin da ruwa ya bari a cikarsa ta baya, a ɗaure.

Dawowa sabuwar tsallakawa ce, da mutanen da suka riga suka gaji, ga ruwa ya juya, ga iskar la'asar. Ka sake sauraron hasashe, ka sake lissafin karkata goshi, don yanzu ta ɗaya gefen ruwan zai tura ku. Ka sa lokacin tashi tun kafin a baje, in ba haka ba hutun awa ɗaya zai zama biyu. Idan yanayi ya canja, a bi gaɓa a kewaye, ko a bar kayak a nemi mota. Shi ya sa ake tafiya da kuɗi da lambar wanda zai iya ɗauko ku. Da kun fito tudu, ƙirga kawuna, ka kira wanda ka bar wa saƙo kafin lokacin da kuka yi da shi ya cika, sannan a ɗauraye rigunan ceto, rediyo da igiyoyi da ruwan daɗi, domin gishiri na cin ƙarfe da zif.